Bindigar Baba da Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Bindigar Baba ta girme ni, ta girmi Yaya ma. Ta toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna shi da sandar ƙarfe, doguwa, icen gindinta ya yi baƙi ya yi santsi saboda gumin hannu. A ƙauyenmu da ke bakin tafkin Kainji, ta ɓangaren Ngaski, kusan kowa masunci ne, sai gidanmu da wasu 'yan gidaje da suka ba ruwa baya suka fuskanci daji. Baba manomi ne da damina, maharbi da rani. Yakan kawo zabin daji, ko zomo, ko gada idan an yi sa'a, ya kuma kori biran da ke yi wa masara ɓarna. Masuntan suna yi masa ba'a, wai ga nama a ƙofar gida cikin ruwa amma ya tafi neman na wahala cikin ƙaya. Shi kuma ya ce kifi abincin wanda ba ya iya gudu ne.

Abin da Baba yake taƙama da shi ba iya harbi ba ne, lasisi ne. Maharban yankinmu da yawa ba su damu da shi ba, amma shi duk farkon shekara sai ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya shiga jirgin ruwa zuwa Yauri ya sabunta takardarsa. Idan ya dawo kuwa mun shiga uku, don sai ya zaunar da mu ya sake karanta mana dokokin da ka, kamar mu ne muka ce za mu yi farauta. Lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya, wadda hukuma ta buga wa lamba. Ba a ba da aronta, ko ga ɗan cikinka. Ba a ba yaro, ko mashayi, ko mai taɓin hankali, ko wanda idonsa ba ya gani sosai. Ba a shiga gandun dajin gwamnati da ita. Sai ya ɗaga yatsa ya kawo ta ƙarshe, wadda ya fi so.

"Lasin ba gona ba na," in ji shi. "Ba a gadon shi. Ran da nim mutu, ku kai ta wurin hukuma a aje, wanda ka so shi nemi nashi."

Inna takan ce ya daina yi mana zancen mutuwa muna cin tuwo. Ba ta cewa da shi kai tsaye, tana faɗa ne ga tukunya ko ga bango, don Inna mace ce mai kunya irin ta dā, wadda yanzu sai an tona. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba. Malam ne, ko Maigida, ko kuma "shi". Idan wani baƙo mai irin sunan ya zo gidanmu, sai ta laƙa masa wani, har ya tafi bai san dalili ba.

Na Yaya ya fi wannan tsanani. Shi ne ɗan farinta, kuma sunan mahaifin Baba aka sa masa, wato sunan surukinta. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kan mutum ɗaya. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, ya tashi a ɗakinta. Inna ba ta kiransa, ba ta yabonsa, ba ta kallonsa idan akwai mutane. "Ku ce ma wancan shi zo shi ɗauki tuwonai," haka take cewa, alhali yana zaune kusa da ita fiye da mu. Idan wata ta tambaye ta ko ɗanta ne, sai ta kau da kai ta ce, "Nasu na." Wato na masu gida ne, na dangin Baba. Ni dai na sani, don ni ke taya ta rabon miya, cewa tsokar da ta fi kowace kyau ƙarƙashin tuwon wancan take shigewa. Ni ce auta, bakina ba shi da linzami, nakan tsokane ta in ce, "Inna, wai ya sunan Yaya ne ma? Na manta." Sai ta jefe ni da muciya.

Baba ya yi jinya mai tsawo kafin ya rasu. Ɓarin jikinsa ya shanye, farkon shekara ya zo ya wuce bai je Yauri ba, kuma cikinmu ba wanda ya tuna da wata takarda, muna ta kan magani. Bayan rasuwar Inna ta shiga takaba, bindiga tana rataye inda take a ɗakinsa. Lokacin kuwa ƙasarmu ba lafiya. Maganar 'yan bindiga ta cika ko'ina, daga Shanga har Ngaski, ana cewa ta ruwa ake tsallaka musu da makamai da man fetur. Jami'an tsaro suka dasa shinge a hanyoyi da mashigin jirage. Mutum ya yi tari da ƙarfi a kasuwa sai an waiwaya.

Inna ce ta tuna da wasiyyar. Ta ce da ƙanwar Baba ta ce da wancan ya kai abin Malam inda Malam ya ce a kai. Yaya mutum ne mai sanyi, mai bin magana yadda aka faɗe ta. Bai yi shawara da ni ba, ni da nake zaune a Yelwan Yauri ina koyarwa a firamare, na san yadda garin yake. Da ya tambaye ni da na ce ya fara zuwa hannu rabbana ya sanar, su faɗa masa yadda za a kawo ta. Shi kuwa ya sauko da ita, ya goge, ya naɗe ta cikin tabarma don kada ya tsorata matan da ke cikin jirgi, ya ɗaure da igiya, ya sa tsohon lasisin a aljihu, ya bi jirgin ranar kasuwa.

Ina cikin aji da hantsi wayata ta yi ƙara. Direban jirgin ƙauyenmu ne. Ya ce an kama Yaya a bakin ruwa. Suna sauka jami'ai suka ce kowa ya kwance kayansa, aka kwance tabarma, mata suka watse da ihu, kwandunan kifi suka kife. Kafin Yaya ya buɗe baki an kwantar da shi a ƙasa. Na bar alli a kan tebur, ban ma tsaya neman izinin shugaban makaranta ba, na tari mai babur.

A ofishin 'yan sanda na tarar da bindigar a kan kanta, wato teburin karɓar ƙara, an ɗaura mata 'yar takarda a wuya. Ban taɓa ganinta a kwance ba sai ranar, kullum a rataye take ko a kafaɗar Baba. Yaya ba ya nan, an ce yana ɗakin baya tare da wasu da aka kamo cikin makon. Babban jami'in wurin ba mutumin ƙasarmu ba ne, daga kudu aka turo shi, Hausarsa ta bariki ce. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai zage ni ba, bai kuma nemi komai a hannuna ba. Idanunsa sun yi ja, kamar wanda ya kwana biyu bai ga shimfiɗa ba. Ya bar ni na yi ta zuba, sa'an nan ya lissafa mini abin da yake gani daga inda yake zaune. Ga bindiga a ɓoye cikin tabarma, an tsallako da ita ta ruwa. Ga lasisin da wa'adinsa ya wuce. Ga sunan da ke jikinsa ba na mai ɗauke da ita ba ne, kuma mai sunan an ce ya mutu.

"To ai shi ya sa ya kawo ta!" na ce. "Ku yake kawo wa!"

"Kowa da muka kama haka yake faɗa, malama," in ji shi. "Kowa yana kan hanyar kawo mana ne."

Ya ce bayan la'asar mota za ta kwashi waɗanda ke ɗakin baya zuwa babban birnin jiha, inda ake binciken masu safarar makamai. Idan Yaya ya shiga motar nan, maganar ta fita hannunsa, kuma shi ma bai san ranar da za ta ƙare ba. Na san mutanen da aka tafi da su haka, matansu suka yi ta sintiri har suka gaji. Yaya yana da mata da yara, ga gonar da ba a girbe ba, ga Inna a ɗakin takaba. Garin neman gira za mu rasa ido.

Na tambaye shi mene ne mafita. Ya ce Yaya ya faɗa a bayaninsa cewa uwarsa ce ta aiko shi. To, a kawo uwar. Idan ta zo ta faɗa da bakinta cewa mai lasisin mijinta ne, wanda aka kama ɗanta ne, ita ta aiko shi, kuma bayaninta ya yi daidai da nasa, zai karɓi bindigar a matsayin wadda aka kawo ajiya, ya sallame shi. Na ce takaba take yi. Ya ce bai san wannan ba, la'asar ya sani.

Na fita na sami direban jirgin yana tsugune a gindin bango. Na ce ya koma ya ɗauko Inna, ya biya ta wurin liman ya faɗa masa lalura ce, don na san in ba liman ne ya ce ta fita ba, ko ƙauyen zai kama da wuta ba za ta taka ƙofa ba. Ya tashi da gudu. Ni kuma na koma bakin ruwa na zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale, tsakanin masu bandar kifi da masu lodin albasa. Rana ta take. Duk ƙarar injin da na ji sai in miƙe, in ga ba shi ba ne, in koma in zauna. Aka kira azahar, na yi salla a rumfar wata mai tuwo, ban san abin da na karanta ba. Abin haushi, a duk zaman nan ban yi tunanin abin da ke jiranmu ba ko sau ɗaya. Tsorona kawai kada inji ya mutu a tsakiyar ruwa.

Inuwa ta fara karkata lokacin da jirgin ya iso. Inna tana zaune a tsakiya ita kaɗai, cikin tsohon zane da mayafi mara ado, ba kwalli, ba ɗan kunne, ta rame. Na riƙe hannunta ta sauko. Ba ta tambaye ni yadda Yaya yake ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "An ba su ruwa, mutanen da anka tsare?"

Motar tana tsaye a ƙofar ofis da muka isa, direbanta yana duba taya. Jami'in ya ba Inna kujera, ta ƙi, ta zauna a ƙasa kan gefen mayafinta. Ya ce ni in koma bakin ƙofa in tsaya, kuma idan na sa baki zai fitar da ni. Ya ce kwanakin baya an kawo masa wata tsohuwa a matsayin uwar wani, ta yi kuka har da birgima, daga baya aka gano ko sunan garinsu ba ta sani ba, ɗauko ta aka yi. Saboda haka shi zai yi tambaya, ita za ta amsa. Ya jawo takarda, ya cire murfin biro.

"Mama, wannan bindiga na wane ne?"

"Ta Malam ta."

"Wane Malam? Mene ne sunansa?"

Inna ta dubi ƙasa. Sai a nan na ga ramin da na jawo ta na kawo ta bakinsa da hannuna.

"Maigida," in ji ta a hankali.

"Na ji maigida. Sunansa nake tambaya. Mijinki ne ko ba mijinki ba?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ya jira. Ya buga biro a kan tebur. Ya dube ni, ya dube ta.

"To bar wannan. Mutumin da muka kama da safe, yaronki ne?"

Na rufe ido, don na san amsar tun kafin a haife ni.

"Nasu na," in ji Inna.

"Na su wa?"

"Na masu gida."

"Ba naki ba ne?"

Na ga biron ya sauka kan takarda ya fara tafiya. Ban san lokacin da na baro bakin ƙofa ba. Na ce kunya ce, al'ada ce, ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta faɗin na mijinta, duk ƙasar nan kowa ya san haka, ya tambayi duk wanda ya ga dama. Ina magana ina kuka ina nuna shi da yatsa, abin da ko a mafarki ban taɓa zaton zan yi wa mai kaki ba. Ya daka mini tsawa ya ce in fita. Wani ɗan sanda ɗan ƙasarmu da ke tsaye wajen kanta ya matso ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya ce gaskiya ne, tasa uwar ma haka take.

Jami'in ya ajiye biro ya murza idanunsa. Ya ce ya ji, kuma bai ce ƙarya muke yi ba. Amma wannan takarda ba a nan za ta tsaya ba, manyansa za su karanta ta. Me zai rubuta? Cewa mai bindiga sunansa Maigida, wanda aka kama sunansa Nasu? Cewa an tambayi uwa ko ɗanta ne ta ce na wasu ne? Idan ya saki mutum a kan wannan, gobe wani abu ya faru, shi za a sa a motar. Ya ce sunaye biyu yake so daga bakinta, ba daga nawa ba, ba daga na ɗan sandansa ba.

A waje aka tayar da motar. Daga masallacin kasuwa aka fara kiran la'asar.

Na durƙusa gaban Inna. Haushinta nake ji kamar in shaƙe ta, tausayinta kuma ya hana ni numfashi. Mace ce da ba ta da gona, ba ta da karatu, ba ta da zinari. Abin da ta mallaka a duniya, wanda matan ƙauyenmu suke nuna ta da shi su ce wa 'ya'yansu ku yi koyi, shi ne wannan kunyar. Ta riƙe ta tun tana amarya, ta riƙe ta a ɗakin haihuwa, ta riƙe ta ranar da aka fita da gawar Baba, inda ta yi kukanta ba tare da ta ambace shi ba. Yanzu kuma, cikin takabarsa, ana so ta ajiye ta a gaban baƙon namiji, a ɗakin da ke warin taba da gumi.

"Inna," na ce, "motar can da kike ji, da shi za ta tafi."

Ba ta dube ni ba. Ta dubi bindigar da ke kan kanta, ta daɗe tana kallonta. Sa'an nan ta sauke mayafin daga fuskarta, ta gyara zama, ta faɗi sunan Baba. Ta faɗe shi cikakke, da na mahaifinsa, a hankali, kamar mai taka tsani a cikin duhu. Muryarta ba ta yi rawa ba. Jami'in ya duba tsohon lasisin, ya gyaɗa kai, ya rubuta.

"Saura yaron," in ji shi. Ya yi ɗan tunani, sai ya nuna ƙofar ɗakin baya da biro. "Kada ki faɗa mini. Suna da yawa a ciki, kuma bai san kin zo ba. Kira shi. Idan naki ne zai amsa."

Inna ta dafa ƙasa ta miƙe. Na kai hannu zan taimake ta, ta ture shi. Ta taka har gaban ƙofar, wadda ke da 'yar taga mai ƙarafa a sama, ta fi tsayinta. Ta tsaya. Sai ta kira shi.

Ba wanda ya amsa.

Ana jin motsin mutane a ciki, wani ya yi tari, amma ba amsa. Jami'in ya ɗago kai ya dube ni. Ni na san abin da ya faru. Mutum ya haura arba'in, ya ji sunansa a bakin kowa, malamai da abokai da masu bin sa sallama, amma bai taɓa jin sa cikin wannan muryar ba. Ya san muryar, ya san sunan, bai san su a haɗe ba. Ina so in yi ihu in ce Yaya, kai ake kira, amma na san idan na buɗe baki na kashe maganar. Na cusa gefen mayafina a baki na cije.

Inna ta matsa har goshinta ya kusa taɓa ƙofar. Ta sake kiransa, wannan karon da ƙarfi, ta ja ƙarshen sunan yadda uwa ke yi idan yaro ya yi nisa a bakin ruwa kuma magariba ta kawo kai. Ban san tana da wannan kiran a cikinta ba.

"Na'am," aka ce daga ciki. Muryar ta karye a tsakiya. "Na'am, Inna. Ga ni."

Ta juyo ta dubi jami'in, ido cikin ido, abin da ba ta yi wa namiji.

"Ɗana na," in ji ta. "Ni nih haihe shi. Ni na aiko shi."

Ɗan sandan nan ɗan ƙasarmu ya juya mana baya yana gyara wasu takardu da ba su bukatar gyara. Jami'in ya gama rubutunsa, ya sa Inna ta dangwala yatsa, ya aika a ce wa direban mota ya rage mutum ɗaya. Ya yi wa Yaya faɗa sosai da aka fito da shi, ya ce ko makaho ya san ba a yawo da bindiga a naɗe a wannan zamani, kuma da wani ya firgita ya harbe shi a bakin ruwa ba wanda zai tuhumi kowa. Ya ba shi shaidar ajiya, ya ce bindigar za ta zauna a ma'ajiyar hukuma, idan yana so ya gaje ta sai ya nemi lasisi da sunansa, ko da yake ba da sabon lasisi ya yi wuya yanzu. Yaya yana ta cewa to, to, da ƙasa a gefen fuskarsa tun ta safe, bai ko share ba. Bai kalli Inna ba, ita ma ba ta kalle shi ba.

Na raka su har ƙauye a jirgin. Ruwa ya kwanta, masunta suna ta fita zuba koma. Inna ta zauna a tsakiya ta ja mayafinta, Yaya ya tafi can gaba ya zauna a bakin jirgi ya ba mu baya, ƙafarsa ɗaya tana reto a waje. Ni da ba na iya shiru, ranar na iya. Can sai Inna ta taɓa gwiwata.

"Ce ma wancan shi maido ƙafatai cikin jirgi," in ji ta.

Na faɗa masa, ko da yake ya ji. Ya mayar da ƙafar.

Ba ta sake faɗin sunan ba, ko nasa ko na Baba, har Allah ya karɓi abarsa. Ni ma ban sake tsokanarta da cewa na manta sunan Yaya ba. Labarin bai shiga ƙauye ba, don direban jirgin yana waje lokacin, mu kuma da muke ciki ba mu faɗa ba. Matan garinmu sun ci gaba da nuna ta suna cewa ga mai kunya, kuma ba su yi ƙarya ba.

Bindigar tana can har yanzu, in dai tsatsa ba ta cinye ta ba. Birai sun gane babu ita, suna shiga masarar Yaya kamar gonar ubansu, shi kuma yana bin su da gwangwani da dutse. Abin yana ba ni haushi. Bayan rasuwar Inna na same shi a gona na ce ya kamata ya je ya gwada neman lasisin nan ko Allah zai sa a dace, idonsa garau, hankalinsa garau, ba ya shan komai, duk sharuɗɗan da Baba yake karanta mana ya cika su. Na ce abin Baba ne, bai kamata a bar gado a hannun hukuma ba.

Ya dogara da fartanyarsa ya daɗe yana kallon wajen ruwa.

"Bar musu ita," in ji shi. "Ni na amso gadona a ofishin nan tun rannan. Sau biyu ma tak kira."